Tarihin Ed Headrick, Uban Wasan Jifan Faifai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ya san yadda yara kan wurga murfin bokiti ya yi ta shawagi a iska, a ga na wa zai doki gindin mangwaro. Ya kuma san yadda wasan kan ƙare: wannan ya ce ya taɓa, wancan ya ce bai taɓa ba, sai a watse ana fushi. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani Ba'amurke da ya kashe irin wannan gardama, har wasan ya kai ana gasar duniya a kansa. Turawa na kiransa disc golf. Mu a nan za mu kira shi wasan jifan faifai, domin abin da ake jefawa ya yi kama da faifan rufe ƙwarya, sai dai shi na roba ne.

Haihuwarsa da Aikinsa

An haifi Edward Headrick ranar 28 ga Yuni, 1924, a garin South Pasadena da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya yi aikin soja a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo gida ya taɓa sana'o'i daban-daban, har da walda a ƙarƙashin ruwa. A shekarar 1964 ya kama aiki da Wham-O, wani kamfanin kayan wasan yara da ke sayar da faifan roba mai suna Frisbee. A wancan lokaci faifan yakan yi tangal-tangal idan an jefa shi. Sai Headrick ya fitar masa da wasu zobba a bayansa, ɗaya cikin ɗaya, waɗanda suka sa ya riƙa tafiya sosai. An ba da takardar shaidar wannan ƙirƙira a 1967, amma kamfanin ne ya mallake ta. A shekarar ce kuma ya kafa ƙungiyar masu wasan Frisbee ta duniya.

Yadda Ya Kafa Wasan

Tun kafin Headrick, matasa suna jifan bishiyoyi da turakun fitila da faifai, suna kwaikwayon wasan golf. Abin da babu shi ne tsayayyen fili da tsayayyar doka. A 1975 ya shirya fili na farko na dindindin a Oak Grove, wani wurin shaƙatawa na jama'a kusa da Pasadena. Tsarin wasan mai sauƙi ne. Ɗan wasa zai yi jifa daga inda aka shata, ya je inda faifan ya faɗi ya sake jifa, har ya sami abin da ake hari. Akan zagaya wurare 9 ko 18, wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci.

Da farko turaku aka kafa a Oak Grove, saboda haka gardamar ya taɓa ko bai taɓa ba tana nan. Headrick ya bar Wham-O, shi da ɗansa Ken suka buɗe nasu kamfani a 1976, suka ƙera turke mai kwando a tsakiya da sarƙoƙi na reto daga sama. Idan faifai ya doki sarƙa sai ƙarfinsa ya mutu, ya faɗa kwando. Kowa ya ji ƙara, kowa ya gani, magana ta ƙare. An yi wa kwandon rajista a 1977. Ya kuma kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, wato PDGA, a 1976, shi ne mai lamba 001, daga baya ya miƙa ragamarta ga 'yan wasan da kansu. Abokansa sun yi masa laƙabi da Steady, wato mai natsuwar hannu.

Rasuwarsa

Headrick ya rasu ranar 12 ga Agusta, 2002, a gidansa da ke Kalifoniya, yana da shekara 78, bayan ya sami shanyewar jiki a wurin wata gasa a Miami. Ya bar wasiyyar da za ta ba Musulminmu da Kiristanmu mamaki: a ƙone gawarsa, a cuɗa tokar da roba a yi fayafai. Haka aka yi, aka sayar da wasu don gina gidan tarihin wasan da ke Appling a jihar Jojiya.

Kammalawa

Headrick bai ƙago jifan faifai ba. Abin da ya yi shi ne ya sama wa wasan fili a inda kowa zai iya shiga, ya kuma sama masa alƙalin da ba ya son kai. Golf na bukatar kuɗin kulob da sanduna masu tsada, shi kuwa wannan faifai ɗaya ya isa, kuma ba sai an sare bishiya ko an baje tudu ba. Ƙasa irin ta gindin dutsen Kagoro ta dace da shi ƙwarai.

Filin da muka yi langa da jifan murfi a unguwarmu yanzu shaguna ne. Wasanninmu na gargajiya ba daɗi suka rasa ba, fili suka rasa da wanda zai rubuta dokokinsu. Fili aikin hukuma ne, amma rubuta dokokin langa da carafke da dara cikin Hausa mai kyau aikinmu ne, mu ɗaliban harshe.