Douglas Corrigan: Bakaniken da aka hana izini ya ce ɓatan hanya ya yi

Da a ce akwai TikTok a shekarar 1938, da babu wayar da bidiyon Douglas Corrigan ba zai shiga ba. Mutum ne ya tashi da jirgi daga New York da sunan zai tafi Kalifoniya, can yamma, sai ga shi washegari ya sauka a ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, bayan ya ƙetare Tekun Atlantika ta gabas. Amma kafin ka tafa masa, tsaya ka ji yadda abin ya faro.

An haifi Corrigan a garin Galveston na jihar Texas a Amurka ranar 22 ga Janairu, 1907. Bai yi nisa a karatun boko ba, sai ya kama aikin hannu, ya koyi tuƙin jirgi da kanikancinsa. A 1927 yana cikin ma'aikatan kamfanin Ryan da ke San Diego, waɗanda suka haɗa jirgin da Charles Lindbergh ya tuƙa shi kaɗai daga New York zuwa Faris. Daga nan fa abin ya shiga ransa: shi ma sai ya ƙetare tekun nan, kuma Ayalan yake so ya sauka, ƙasar kakanninsa.

Kuɗin sabon jirgi babu. A 1933 ya sayi wani tsohon Curtiss Robin a kan dala 310, ya zauna ya yi ta gyara da hannunsa. Ya haɗa inji ɗaya daga tsofaffin injuna biyu, ya ƙara tankunan mai. A 1935 ya nemi izinin hukumar jiragen sama ta Amurka don ya ƙetare teku ba tare da yada zango ba. Aka duba jirgin, aka ce bai da ƙarfin wannan tafiya, sai dai ya yi yawonsa a cikin ƙasa. Ya ƙara gyara, ya sake nema, aka sake hana shi.

A watan Yulin 1938 ya tashi daga Kalifoniya zuwa New York, tafiyar awa 27, kuma a hanya mai ya fara yoyo. Izinin da yake da shi na komawa gida ne kawai. Da asubahin 17 ga Yuli ya tashi daga filin jirgi na Floyd Bennett, ya miƙe gabas. Babu rediyo a jirgin, kamfas ɗinsa tsoho ne, tankunan mai sun tare masa gaba sai ta gefe yake gani. Guzurinsa ɗan cakulan ne da biskit da ruwa. Ana tsakiyar teku mai ya taru a ƙarƙashin ƙafafunsa, dole ya sa sukudireba ya huda ƙasan jirgin don man ya zube nesa da bututun hayaƙi mai zafi. Ka ga kenan abin da hukuma take tsoro ba ƙarya ba ne.

Bayan awa 28 da minti 13 ya sauka a filin Baldonnel kusa da Dublin, ba shi da izinin sauka. Bayaninsa shi ne wai gizagizai da duhu ne suka sa ya karanta kamfas a baibai. Kusan babu wanda ya yarda, amma kowa ya yi dariya. Hukuma ta aika masa da doguwar wasiƙar tangarahu mai lissafa dokokin da ya karya, hukuncin kuwa dakatar da lasisinsa na kwana 14 ne kacal. Ya dawo ta jirgin ruwa, ya iso a ranar da wa'adin ya cika, New York ta yi masa gagarumar tarba. Laƙabin Wrong Way, wato mai bin hanya a baibai, ya bi shi har kabari.

Suna ya zo, ya wuce. Ya fito a fim kan rayuwarsa a 1939, ya yi aikin gwajin jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1950 ya sayi gonar lemo a Santa Ana. A 1972 ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya rasu a hatsarin jirgin sama, abin da ya sa ya ƙara janye jiki daga jama'a. Ya rasu ranar 9 ga Disamba, 1995, bai taɓa canza labarinsa ba.

To, kai mai sha'awar ƙere-ƙere, kada ka ɗauka wannan dabara za ta ci a yau. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tabbatar da cewa kowace ƙasa ita ce mai cikakken iko da sararin samaniyarta. Ka tuna yadda Nijar ta rufe nata a watan Agustan 2023, jiragen manyan kamfanoni suka koma zagaye. Jirgin da mutum ya haɗa a gida kuwa takardar shaida ta musamman ake ba shi, wadda ƙarfinta a ƙasarsa yake. Kafin ya ƙetare iyaka, ƙa'ida ita ce ya samu amincewar kowace ƙasa da zai ratsa, ya shigar da tsarin tafiyarsa, ya riƙe fasfo, ya sauka a filin da ke da jami'an kwastan da na shige da fice. Wanda ya kutsa babu izini, jiragen yaƙi na iya tare shi. A Najeriya hukumar NCAA ce ke kula da rajistar jirage da lasisin matuƙa.

Abin koyi a wurin Corrigan shi ne shekarun da ya kwashe yana koyon inji har ya iya haɗa shi da hannunsa, da naci duk da talauci. Kuɓutarsa daga teku kuwa sa'a ce, kuma ba kullum ake kwana a gado ba. Idan kana ƙera wani abu mai tashi a bayan gidanku, ci gaba, amma ka koyi dokar sama kamar yadda kake koyon inji.