Duleep Singh: Sarkin da aka raba da mulki, aka bar shi da bindiga mai baki biyu

A cikin sarakunan da Turawan Ingila suka tuɓe a ƙarni na 19, da wuya a samu wanda rayuwarsa ta kai ta Maharaja Duleep Singh ban tausayi da ban mamaki. Ya hau gadon mulkin Punjab yana ɗan shekara 5, aka sauke shi yana ɗan shekara 10, ya girma a ƙasar waɗanda suka sauke shi. A can ya yi suna wajen harbin tsuntsu da bindiga mai baki biyu, har ana lissafa shi na huɗu a duk Ingila. Wannan bindigar ce ta buɗe masa ƙofar gidajen manya, tana kuma cikin abubuwan da suka jefa shi bashin da ya fama masa tsohon miki.

Haihuwa da sarauta

An haife shi a birnin Lahore, wanda yanzu ke Pakistan, a watan Satumban 1838. Shi ne autan Maharaja Ranjit Singh, wanda ya kafa daular mabiya addinin Sikh. Mahaifin ya rasu a 1839, aka shiga rikicin gado da kashe-kashe a fada, har sarauta ta faɗo kan yaron a 1843, mahaifiyarsa Jind Kaur tana riƙe masa.

Bayan yaƙi biyu da kamfanin Turawa mai mulkin Indiya, an haɗe Punjab da yankunan Ingila a watan Maris na 1849. Aka sa yaron ya sa hannu a takardar da ta raba shi da sarauta da dukiyar ƙasa, har da shahararren lu'ulu'un nan na Koh-i-Noor, wanda aka miƙa wa Sarauniya Biktoriya. Tun kafin wannan lokaci an riga an raba shi da mahaifiyarsa. Aka damƙa riƙonsa ga wani likita ɗan Sikotland, Dakta John Login. A 1853 ya karɓi addinin Kirista, a 1854 ya sauka Landan.

Sarauniya ta karɓe shi hannu bibbiyu, ta riƙa gayyatarsa fada. Ya zauna a yankin Perthshire na Sikotland, inda ya duƙufa kan farauta da bindiga da kuma ta shaho. Sai a 1861 ya sake ganin mahaifiyarsa a Kalkata, ya taho da ita Ingila, ta rasu a 1863. Shekara guda bayan haka ya auri Bamba Müller a Iskandariyya ta Masar.

Elveden da zamanin sabuwar bindiga

A 1863 ya mallaki gandun Elveden, mai faɗin eka kusan 17,000 a gabashin Ingila. Ya sake fasalin gidan, aka ƙawata cikinsa irin na fadojin Indiya, ya mayar da dajin filin farauta.

Zuwansa ya yi daidai da lokacin da bindigar farauta ta sauya kama. A da ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi a danna da sanda, kamar harba-ka-ruga. A baje kolin Landan na 1851 aka nuna ƙirar wani Bafaranshe mai suna Lefaucheux, wadda ake karya ta a tsakiya a zura harsashi ta gindi. Maƙeran Ingila suka ɗauki dabarar suka yi ta kyautata ta. A 1875 ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards da ke Birmingham, Anson da Deeley, suka fito da ƙirar da ta ɓoye guduman da ke dukan harsashi a cikin jikin bindigar. A Landan kuwa, gidaje irin su Purdey da Holland & Holland suna ƙera wa manya bindigogi da hannu, a auna tsawon hannun mutum da kafaɗarsa kamar yadda tela ke auna riga, a sassaƙa gindin da itacen goron Turawa, a yi wa ƙarfen zane.

Saurin ɗuri ya sauya farautar kanta. Maimakon maharbi ya bi sawun tsuntsu da kare, sai ya tsaya wuri guda, jerin 'yan kora su taso tsuntsayen su bi ta samansa. Babban mutum yakan zo da bindigogi biyu ko uku iri ɗaya sak, da barori a bayansa: yana harba baki biyun sai ya miƙa, a ɗora masa wata a hannu. Da haka mutum ɗaya kan kakkaɓo ɗaruruwa a yini.

A wannan fage Duleep Singh ya yi fice. A rana ɗaya a 1876 ya harbo fakara 780 da harsashi 1,000, shi kaɗai, adadin da littattafan farautar Ingila ke ambata har yau. Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, yana cikin baƙin da ke zuwa harbi a Elveden.

Bashi da tawaye

Sai dai irin wannan rayuwa rami ce mai cin kuɗi. Akwai albashin masu gadin daji da masu kiwon tsuntsaye, da ciyar da manyan baƙi da tawagarsu na kwanaki, ga gyaran gida, ga shagalin Landan. Fanshon fam 25,000 da gwamnati ke ba shi a shekara ya kasa. Ofishin kula da Indiya ya ba shi rance, da sharaɗin za a sayar da Elveden bayan ransa, ma'ana 'ya'yansa ba za su gaji gidan ba.

Wannan ne ya sa ya koma kan takardun 1849, ya shiga bin diddigin abin da aka ƙwace masa. Hujjarsa ita ce, a lokacin da aka karɓe ƙasar yana yaro ne a ƙarƙashin kariyar Turawa, don haka waliyyi ne ya cinye dukiyar maraya. Ya nemi a mayar masa da gonaki da kadarorin mahaifinsa na ƙashin kansa. A 1882 ya kai ƙorafinsa jaridar The Times. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu.

A 1886 ya kwashi iyalinsa ya nufi Indiya, aka tare shi a tashar ruwa ta Adan da ke Yaman. A nan ya koma addinin kakanninsa. Ya wuce Faris, daga can ya tafi Rasha a 1887 neman taimakon sarkinta don ƙwato Punjab, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba, kuma 'yan leƙen asirin Ingila suna biye da shi. Bamba ta rasu a wannan shekarar. A 1890 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya nemi afuwar Sarauniya, suka gana a kudancin Faransa a 1891. Ya rasu a wani otal a Faris ranar 22 ga Oktoban 1893, yana da shekara 55. Aka kai gawarsa Elveden aka binne shi a harabar coci, ba tare da ya sake taka Punjab ba.

Abin da ya bari

A 1894 aka sayar da Elveden ga attajirin nan Edward Guinness, kuma gandun yana hannun zuriyarsa har yanzu. Ɗansa Victor ya gaji iya harbi. Frederick ya karkata ga tara kayan tarihi, ya ba garin Thetford tsohon gidan da ya zama gidan tarihinsu. 'Yarsa Sophia ta yi suna a gwagwarmayar neman wa mata 'yancin zaɓe. Babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya haihu, zuriyar ta yanke.

Bindigogin wancan zamani kuwa sun zama kayan tarawa, ana gwanjonsu a Landan, wasu ma ana fita farauta da su. Mai saye yakan fara duba hatimin gidan gwaji na Landan ko Birmingham da ke jikin ƙarfen, don da yawansu an ƙera su ne saboda baƙin albarushi, ba kowace ke jure harsashin yau ba, musamman masu bututun da aka murɗa daga ƙarfe iri biyu, wanda ake kira Damaskus. Sannan ya bi lambar bindigar zuwa kundin maƙerin, inda aka rubuta ranar da aka sayar da ita da sunan wanda ya saya. Sau da yawa sunan nan ne ke ɗaga farashi fiye da ƙarfe da itacen.

A 1999 aka ƙaddamar da mutum-mutuminsa a Thetford, yana bisa doki cikin shigar sarautar Punjab, da rawani da takobi. Mabiya addinin Sikh daga sassan duniya suna ziyartar kabarinsa a matsayin sarkinsu na ƙarshe.