Joseph Lister, Likitan da Ya Gano Abin da Ke Ruɓar da Rauni

Kusan kowane gida a cikinmu nan Lafiya akwai wanda aka taɓa yi wa tiyata, ko ta haihuwa ko ta kaba, ya dawo gida da ƙafarsa. Shekara 160 da suka wuce ba haka abin yake ba, ko a Turai. A yi aiki lafiya lau, bayan kwana kaɗan rauni ya yi ruwa, ya ɗau wari, zazzaɓi ya rufe mutum, sai kabari. Likitoci suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska.

An haifi Joseph Lister a 1827 kusa da Landan, kuma mahaifinsa ɗan kasuwa ne. A 1860 ya zama farfesan tiyata a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan. Can ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke ruɓar da abu. Lister ya ce to ashe su ne ke shiga rauni, daga hannun likita da wuƙa da tsumman ɗauri.

A Agustan 1865 aka kawo masa yaro ɗan shekara 11, amalanke ya taka masa ƙafa har ƙashi ya huda fata. Irin wannan karaya a da yawanci yanke ƙafar ake yi. Lister ya ɗaure raunin da ƙyalle jiƙe da kabolik, wani sinadari mai wari irin na Izal ɗin nan da muke sayarwa. Bayan kamar mako 6 yaro ya tashi da ƙafarsa. Daga nan ya sa ana wanke hannu da kayan aiki da zaren ɗinki da shi. Masu mutuwa bayan yanke gaɓa a ɗakinsa suka ragu daga kusan 45 cikin ɗari zuwa 15.

Wannan fa ya shafe mu. In za a yi wa yaro kaciya, mu tambayi wanzami ko askar sabuwa ce ko an tafasa ta, ba cin fuska ba ne. Karayar da ƙashi ya fito waje kuwa, a fara da asibiti kafin mai ɗori.

Ya wallafa bincikensa a 1867, amma manyan likitoci da dama sun daɗe suna masa dariya. A 1871 shi aka kira ya tsaga wa Sarauniya Biktoriya maruru a hammata. Ya rasu a Fabrairun 1912 yana da shekara 84, bai bar ɗa ba.