Johan Hjort, Mai Ƙirga Shekarun Kifi

A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, su babbar sana'a ce ga mutanen bakin teku. Amma wata shekara taru ya cika maƙil, wata kuwa masunta su komo gida hannu Rabbana. A da, mutane sun ɗauka ƙaura kifin ke yi.

Johan Hjort, wanda aka haifa a 1869, bai gamsu da wannan zance ba. Daga 1900 ya shiga yawon teku cikin jirgin bincike mai suna Michael Sars. Shi da mataimakansa suka duƙufa ga duban ɓawon jikin kifi, domin kowace shekara takan bar zane guda a kansa, sai a ƙirga a san shekarun kifin. Ashe galibin wani kifi mai suna herin, wanda aka yi shekaru ana kamawa, ƙyanƙyasar 1904 ce!

A 1914 ya bayyana cewa yawan kifi ya dogara ga yawan 'ya'yan da suka tsira suna ƙanana. A ganinsa, shekarar da suka rasa abinci galibinsu mutuwa suke yi.

Ya zama shehun malami a jami'ar Oslo a 1921, ya rasu a 1948. Har yau masu ƙididdigar kifin teku kan hanyarsa suke.