Alhassan Ɗantata, attajirin da bai bi zazzaɓin kasuwa ba

Buhun simintin Dangote da ake saukewa a shagunan New Bell yana da tushe mai nisa. Mai masana'antar da ke bakin kogin Wouri, wadda ta fara aiki a 2015, tattaɓa-kunne ne ga Alhassan Ɗantata ta wajen uwa: mahaifiyarsa Mariya 'yar Sanusi ce, Sanusi kuma ɗan Alhassan.

An haifi Alhassan a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877, cikin Agalawa, fataken da suka gaji safarar goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta ƙaura zuwa Akara, aka bar shi hannun wata mata mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali. Yaƙin basasar Kano na 1893 ya ritsa da shi yana saurayi, ya fito ba shi da wani jari na a zo a gani.

Da goro ya tashi, kamar iyayensa. Bambancinsa shi ne hanya. Yayin da ayari ke kwashe watanni a ƙasa da jakuna daga Gwanja, shi sai ya riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Legas. Goro kaya ne mai lalacewa, duk wanda ya rage masa kwanakin tafiya ya rage asara.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke fata, manoma suka zaɓi gyaɗa, kuma daga 1912 kasuwar ta ɗauki wuta. Kowa ya zama ɗan gyaɗa. Masu ɗan abin hannu suka ci bashi suka saya, don kawai sun ga maƙwabci ya samu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashi ya yi tashin gwauron zabi, sannan ya faɗi warwas wajen 1920, ya sake faɗuwa bayan 1929. Waɗanda suka shiga da bashi su ne suka fara durƙushewa.

Alhassan, wanda kamfanin Neja ya ɗauka wakilin sayen gyaɗa a 1918, ya tsallake duka biyun. A ganina ba sa'a ba ce. Bai saki goro don gyaɗa ba, ya kuma haɗa da tufafi da duwatsun ado. Yana ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka, amma lissafi na hannunsa. An san shi da tsimi a ci da sutura, har wasu na ganin abin ya yi yawa. Tarihi ya nuna a 1929 ya kai ajiyar azurfa lodin raƙuma ashirin reshen Bankin Biritaniya na Yammacin Afirka da ke Kano, a lokacin da yawancin attajirai ke binne kuɗi a ɗaka.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi mafi dukiya a Yammacin Afirka. Kafin ya cika ya hori 'ya'yansa kada su tarwatsa kamfanin, Ahmadu ya karɓi ragama, daga baya Aminu.

Shi kansa bai taɓa ganin kasuwar hannayen jari a ƙasarsa ba, domin ta Legas sai a 1961 ta fara ciniki. A can aka sa kamfanin simintin zuriyarsa a 2010. Ta yankinmu kuwa, BVMAC, tun haɗewar 2019 hedkwatarta na nan Duwala, kuma kamfanonin da ke cikinta har yanzu 'yan kaɗan ne.