Mu Tuna da Farfesa Jerom Lejen, Likitan Yara Masu Galahanga

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tunatar da jama'a rayuwar wani bawan Allah, Farfesa Jerom Lejen, masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa kuma ɗan ɗariƙar Katolika na ƙwarai. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yadda nake ganin ana ɓoye yara masu galahanga a unguwanninmu na ƙetaren kogi, tun daga Kakuri da Nasarawa har Sabon Tasha. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce sammu ne, dangin miji kuma su ɗora wa uwar laifi. Wallahi abin da ban tausayi.

An haifi Lejen ranar 13 ga Yuni, 1926 a Monruj, kusa da birnin Paris. Da ya gama karatun likita sai ya kama aiki a hannun Farfesa Remon Turpan, wanda ya damƙa masa duba irin waɗannan yara. Tun 1866 wani likitan Ingila, Jon Landon Daun, ya bayyana kamannin lalurar, amma ba wanda ya san mafarinta. A Turai ma zargin iyaye ake yi, kamar dai yadda muke yi a nan.

To, jama'a ga yadda abin yake. A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom guda 46, uba ya ba da 23, uwa ta ba da 23. A asibitin yara na Turuso da ke Paris, a 1958, aka ƙirga na yaro mai galahanga aka tarar 47 ne, domin a lamba ta 21 uku ne maimakon biyu. A watan Janairun 1959 aka buga sakamakon da sunan mutum uku: Lejen, da Dakta Marta Gotiye, da Turpan. Gaskiya ɗaya ce, dole a ba wannan baiwar Allah haƙƙinta, don ita ce ta koyo dabarar renon ƙwayoyin a Amurka ta kuma kafa ɗakin gwajin, daga baya ma ta koka cewa ba a yaba mata yadda ya kamata ba. Amma abin da binciken ya nuna ba ya da musu: lalurar tana faruwa ne tun lokacin shigar ciki. Ba aljani, ba maye, ba kuma wani zunubi da uwa ta aikata.

Suna ya zo masa. Shugaba Kenedi na Amurka ya ba shi lambar yabo, a 1964 kuma ya zama farfesa a Jami'ar Paris. Sai dai abin da ya gano ya juyo ya zame masa abin baƙin ciki, saboda an soma gwada masu ciki, in an ga jaririn yana da lalurar sai a zubar. Lejen ya ce shi kam aikin likita warkarwa ne, ba kawar da marar lafiya ba. Ya faɗi haka a gaban manyan masana a San Faransisko a 1969, ranar da suke ba shi babbar lambar yabo, ya kuma yi adawa da dokar zubar da ciki da Faransa ta kafa a 1975. Abokan aiki da dama suka juya masa baya, amma bai janye ba. Ya ci gaba da duba dubban yaran nan a asibitin Neker, yana neman magani har ƙarshen ransa.

Ta fuskar iyali kuwa, a 1952 ya auri Birta, 'yar ƙasar Denmak, Allah ya ba su 'ya'ya biyar, suka zauna tare shekara 42. Aminin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ne, wanda dattawanmu ba su manta da zuwansa Kaduna ba a Fabrairun 1982, lokacin da ya naɗa sababbin limaman coci a Dandalin Murtala. Ranar 13 ga Mayu, 1981 da aka harbi Paparoman a Rum, shi da matarsa sun ci abincin rana tare da shi. A 1994 Paparoma ya naɗa shi shugaban farko na majalisar masana ta kare rai, amma ciwon dajin huhu ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu ranar Ista, 3 ga Afrilu, 1994. A Agustan 1997 Paparoman ya je har kabarinsa ya yi addu'a, a Janairun 2021 kuma Paparoma Faransis ya amince cewa ya yi rayuwa ta nagarta abar koyi.

Saboda haka ina kira ga iyaye, Kirista da Musulmi, da su daina kulle waɗannan yara a ɗaki. A kai su asibiti da wuri, domin da yawansu ana haifarsu da ciwon zuciya wanda ake iya yi wa aiki. A sa su makaranta, suna koyo, sannu ba ta hana zuwa. Fastoci da limamai su yi wa'azi a kan haka. Gwamnatin jiha kuma ta dubi Allah ta ƙaro makarantun yara masu buƙata ta musamman a wannan ɓangare na gari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Maris ta kowace shekara dominsu, ya kamata mu ma mu riƙa tunawa da su.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Sabon Tasha, Kaduna.