Tarihin Domiye, Mai Zambo da Zane

Honoré Daumier, wanda Faransawa ke faɗin sunansa Domiye, an haife shi a birnin Marsel, a bakin teku, cikin 1808. Ubansa mai sa gilashi ne a tagogi, amma zuciyarsa na ga waƙa, har ya kwashe iyalinsa zuwa Faris don ya yi suna, bai kuwa samu ba. Saboda talauci, tun yaron na ɗan shekara 12 aka sa shi aikin aike wurin wani ma'aikacin kotu. Can ya fara ƙare wa lauyoyi kallo, da yadda su ke tafiya, da yadda su ke yi wa mai ƙara murmushi in sun hangi jakarsa. Daga nan ya yi aiki a kantin littattafai, sa'an nan ya koyi bugun sura a kan dutse.

Ga yadda a ke wannan sana'a. A kan sami farin dutse mai sulɓi, a zana sura a kansa da alli mai maiƙo, a jiƙa shi da ruwa, a shafa tawada. Tawadar ba ta kama ko'ina sai inda maiƙon ya bi. In an danna takarda sai surar ta fito, a yi ta bugawa ɗari bisa ɗari. Amfaninta kuwa shi ne, wanda bai iya karatu ba ya kan gane sura da kallo ɗaya.

Cikin 1830 mutanen Faris suka kori sarkinsu, aka naɗa Luwi Filib, wanda ya yi alkawarin ba zai danne bakin jaridu ba. Wani mutum mai suna Filipon ya buɗe jaridar zambo, ya ɗauki Domiye aiki. Shi Filipon ne ya fara kamanta kan sarki da wani ɗan itacen ƙasarsu mai siffar gora, sama tsuke, ƙasa faɗi, har ya zama ko yara na zana shi a bango. A ƙarshen 1831 Domiye ya zana sarki ƙato, da tumbi, zaune bisa kujera, an kafa katako daga ƙasa zuwa bakinsa, fadawa na hawa da jakunkunan kuɗin da aka karɓe wa talakawa suna ɗura masa. Ƙarƙashin kujerar kuwa takardun sarauta ne da lambobin girma ke zubowa, manya na wawa. Ba sai an gaya wa mai karatu irin kujerar ba. Aka ci shi tarar faran 500, aka yanke masa wata 6, ya shiga kurkuku cikin 1832.

Maroƙin ƙasarmu in ya yi zambo ya kan sakaya suna, maganar ta bi iska. Zambon Domiye kuwa a takarda ya ke, da fuskar mai shi, ba ta yadda za a yi musu.

Amma a ganina surarsa da ta fi duka ba ta dariya ba ce. Cikin watan Afrilu na 1834 aka yi tarzoma a Faris, sojoji suka faɗa wani gida a titin Taransinonan suka kashe mutum 12 cikin mazaunansa. Domiye ya zana ɗaki guda kaɗai. Magidanci na kwance a ƙasa gefen gado da rigar barcinsa, ya faɗa bisa ɗan ƙaramin yaro, ga kan wani tsoho ta gefe, ga wata gawa can cikin duhu. Bai zana soja ko ɗaya ba, bai ƙara wa kowa hanci ko tumbi ba. Hukuma ta ƙwace dutsen da takardun da ta iya samu, cikin 1835 kuma aka yi doka, kada a buga wata sura sai an nemi izini. Jaridar ta mutu.

Da aka hana shi taɓa sarki sai ya juya kan mutanen gari, cikin wata jaridar Filipon mai suna Le Charivari, watau 'yan damfara, da masu gidajen haya, da likitoci, da lauyoyin nan da ya sani tun yana yaro. Surorin da ya buga a dutse sun kai wajen 4,000. Abin da ransa ke so shi ne zane da fenti, kamar surar nan tasa ta talakawa cikin ƙaramin ɗakin jirgin ƙasa, amma jarida ce ke ciyad da shi, ba ta kuwa jira. Cikin 1870 gwamnati ta ba shi lambar girma, ya ƙi karɓa.

Da tsufa ya zo idonsa ya yi ta raguwa har ya kusa makancewa, yana zaune a wani ƙauye, Balmondiwa, da matarsa, ba su da kome sai ɗan fansho. Cikin 1878 abokansa suka tara ayyukansa suka nuna wa jama'a a Faris, Bikto Hugo na shugaban masu shirin. Masana suka yaba ƙwarai, amma kuɗin da aka samu bai mai da abin da aka kashe ba. Ya mutu cikin watan Fabrairu na 1879, aka binne shi a ƙauyen. Shekara na zagayowa aka ɗauke ƙasusuwansa aka kai babbar maƙabartar Faris, kusa da kabarin abokinsa Koro, mai zanen itatuwa da koguna.